Mai Awarar da Ya Hana Matarsa Cin Awara

Mijin yayata, Genzo, ya shekara arba'in da ɗaya yana yin awara a layinmu na bayan tashar jirgin ƙasa, nan Shimotani, lokacin da wannan abu ya faru. A iya sanina da shi sau ɗaya tak na ga ya ɗauki laifi ya ɗora wa kansa, shi ma ɗin ba wanda ya ce nasa ne. Ni ce Kazue, ƙanwar matarsa. Ƙofa biyu ce tsakanin shagona na gyaran gashi da nasa, saboda haka ko tari ya yi sai na ji, in ma ban ji ba matan da nake wanke wa kai za su kawo mini har da ƙari.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kullum jajur saboda ruwan sanyi. A wajen mahaifinsa ya gaji sana'ar, haɗe da tukunyar ƙarfe da akwatunan katako na matsa awara da ƙahon da yake busawa in ya fita talla a keke da la'asar. Taurin kan ma gado ne. Abin da bai gada ba shi ne harshe. Wannan sirrin gida ne, amma yanzu ya tsufa, ba zai iya bi na da gudu ba, don haka zan faɗa. In dai a baki ne, Genzo ba ya bambance awara mai daɗi da soson wanka. Hannu gare shi. Da tafin hannunsa yake sanin zafin madarar wake, da kunnensa yake sanin lokacin saukewa. Amma ruwan ɗacin nan da ake zubawa madarar ta kama, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan, sai an faɗa masa.

Ta haka ma ya samu mata. Yayata Teruyo tana 'yar shekara sha tara aka aike ta sayen awara. Ta kai gida, ta ɗanɗana, ta koma da kwanon ta dire musu a kan teburi ta ce ta yau ba ta ciwuwa. Genzo ya hau kumfar baki. Mahaifinsa ya gutsura, ya tauna, ya dubi yarinyar, ya dubi ɗansa, ya ce, "Kai, rufe mana baki ka tambaye ta 'yar gidan waye." Kafin shekara ta zagayo an sha biki.

Tun daga nan tsarinsu bai canza ba. Tukunya uku yake dafawa kowace safiya. In ta farko ta kama, kafin a zuba a akwati a danne, sai ya ɗebi ludayi guda da ɗuminta ya miƙa mata. Ko ta ce "ƙara", ko ta ce "rage", ko ta yi shiru ta shanye. Da abin da ta ce yake gyara tukunya ta biyu da ta uku. Mutanen gari suna cewa awarar Genzo, shi ma yana cewa awarar Genzo, yayata kuwa ba ta taɓa gyara wa kowa ba.

Akwai wasu shekaru da talabijin ta ishe mu da labarin wai akwai wani sinadari a waken suya mai kama da wanda jikin mace yake yi da kansa. Wai shi ya sa matan ƙasarmu ba sa shan wahala sosai in al'ada ta ɗauke, wai yana gyara fata, wai yana ƙarfafa ƙashi. Ni dai na ce to, mu gani. Genzo kuwa ya ɗauki zancen kamar shi aka naɗa wa sarauta. Ya samo allo ya rubuta da manyan baƙaƙe ya kafa a ƙofar shago: AWARAR GENZO, TSOHUWA TA KOMA BUDURWA. Duk macen da ta zo da kwanonta sai ya nuna mata yayata.

"Dube ta da kyau. Shekara nawa za ki ba ta? Ko zufar nan da ke taso wa mata sa'anninta ba ta taɓa yi ba. Aikin wa ke nan? Nawa."

"To ni fa, Yaya Genzo?" na ce masa wata rana. "Shekara talatin ina cin taka, ga fuskata duk ta yamutse."

"Ke ai bakinki ne yake ƙone amfanin kafin ya kai ciki."

A kakar shekarar da ta cika hamsin da takwas, yayata tana wanka ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Sankara ce. Aka yi mata aiki a babban asibitin birni, aka bi da ƙarin ruwan maganin nan mai zubar da gashi. Likitarta, wata siririyar mace mai suna Horiuchi, ta bayyana mata cewa irin tata sankarar da sinadarin mata take girma, don haka za ta shekara biyar tana shan wata ƙwaya mai tare masa hanya. Genzo bai ji wannan daga bakin likita ba, don bai taɓa shiga ɗakin ba. Mutumin da ke iya zagin direban babbar mota tun daga bakin layi, in an je asibiti sai ya maƙale a benci a waje yana juya hularsa. Yayata ce take fitowa ta ba shi labari.

Abin da ya biyo baya da hannuna a ciki, na kuma amsa. A watan Janairu ina daidaita wa yayata hular gashi a shagona, shi yana zaune yana jira, sai ya jawo ɗaya daga cikin mujallun da nake ajiye wa masu jiran layi. Da na san abin da ke ciki da tuni na kunna wuta da ita. Wani shafi ne mai jajayen baƙaƙe, yana tambaya ko sinadarin waken suya yana ciyar da sankarar mama. Tambaya ce kawai. Amsar tana shafi na gaba, inda aka ce ba a tabbatar ba. Genzo bai buɗe shafi na gaba ba. Ta madubi na ga wuyansa ya yi ja, daga nan jinin ya gudu daga fuskarsa. Ya rufe mujallar ya ajiye a hankali, ya fita. Kafin in gama aikina ya ciro allon nan ya faskara shi.

Washegari da tukunyar farko ta kama, yayata ta miƙo hannu kamar kullum. Sai ya mayar da ludayin cikin tukunya.

"Baban Rie, lafiya?" Rie ita ce 'yarsu tilo, tana aure a Nagoya.

"Kin gama cin wake. Har abada."

"Na tambayi likita tun kafin a yi aikin. Ta ce in ci abincina yadda na saba."

"Yarinyar nan? Tukunyata ma ta girme ta. Shekara kusan arba'in ina ɗura miki abin nan da hannuna kowace safiya, tun kafin ki karya. Ni na ba ki ciwon nan, Maman Rie. Ni."

Ta yi dariya ta kai hannu za ta ɗauki ludayin da kanta. Sai ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti ya fashe da kuka. Ba ta taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka ƙona gawar mahaifinsa. Ta janye hannunta.

To, ku hana ɗan ƙasar nan waken suya ku ga abin da zai rage masa a faranti. Miyar miso ta safe, mai kaɗin niƙaƙƙen wake, ta tafi. Daddawar natto mai yauƙi ta tafi. Ruwan shoyu da ake ɗiga wa kifi ya tafi, sai gishiri tsagwaronsa. Genzo ya sayi sabon tabarau don karanta bayan fakiti, ya gano akwai wake a biskit, akwai a cakulan, akwai har a man suya. Shi ya karɓi girkin gida, mutumin da na gaya muku yadda harshensa yake. Yayata da ba ta taɓa karya kumallo da wani abu ban da shinkafa da miya ba, ta koma burodi da bota da madarar shanu. Ranar jifan aljanu a watan Fabrairu, da kowane gida ke watsa gasasshen wake a ƙofa, kowa ya ci adadin shekarunsa, a gidan mai awara gyaɗa aka watsa. Bayan an gama ya ɗauki tsintsiya ya share ƙofar maƙwabta dama da hagu, kada wata ƙwayar ta gangaro.

Bai tsaya a gida ba. Ya kafa doka a shago: mace ba ta sayen fiye da yanka ɗaya a rana. Tsohuwa 'yar shekara tamanin za ta zo da kwanonta ya tsare ta da tambaya, yaushe rabonta da asibiti, ko tana jin wani abu a ƙirji. Wata ta ce masa, "Genzo, mijina ma bai taɓa yi mini wannan tambayar ba. Ba ni awarata in wuce." Ita kuma awarar ta lalace. Yau ɗaci, gobe ta ruguje a kwano kamar kunu. Mutane suna saye ne kawai don kunya.

A farkon Afrilu ina cin abinci a gidansu, ya ajiye tsinkayen cin abincinsa ya ce ranar ƙarshen Disamba zai wanke tukunya ya kife, ya daina sayar wa matan gari abin da ya kusa kashe masa mata. Ba barazana ba ce, na san shi. Na kuma san in ya kife tukunyar nan, shi ma ya ƙare, don babu wani abu a duniya da ya iya, ko kamun kifi. Zai zauna ne a gaban talabijin yana kallon yayata yana cin kansa har ya bushe. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Bayan kwana biyu yayata ta shigo shagona da safe, ta zauna, ta cire hular gashin ta ajiye.

"Kazu, je ki sayo mini yanka ɗaya."

"Haba, Yaya! So kike ya kashe ni?"

"Na sake tambayar likita, karo na uku ke nan. Ta ce abinci abinci ne. Ƙwayoyin kwalba da ake tattara sinadarin a ciki su ne ba ta so in sha. In na ƙara mako ɗaya a kan burodi, ba sankara ce za ta kashe ni ba."

"To ki ci a gabansa mana, ya yi abin da zai yi."

"Ba zan iya sake ganin kukan nan ba. Likitoci sun ba ni magani, ke kin ba ni gashi. Shi hanin nan kaɗai yake da shi da zai ba ni. Bar shi ya ba ni."

Tausayinsu ya kama ni su biyun, haushinsu ma haka. Na ɗauki kwano na fita.

"Biyu," na ce masa.

"Ɗaya. Doka ce."

"Ɗayan ba nawa ba ne. Na marigayi ne, zan ajiye masa a gaban hotonsa tare da turare."

"Mijinki? Mutumin da yana raye ko kallon awara ba ya yi, sai nama da giya?"

"Mutuwa ta koya masa hankali. Kuma namiji ne, ga shi matacce. Wace sankarar mama kake ji masa tsoro?"

Ya yi ta muzurai, sannan ya yanko biyu.

Daga ranar yayata ta zama mai zuwa gyaran kai kullum ƙarfe tara, alhali gashin da za a gyara bai fi na jariri ba. Sai in zaunar da ita a ƙarƙashin na'urar busar da gashi, in lulluɓe ta da mayafin aski har gwiwa. Kwanon yana kan cinyarta a ciki, da shoyu da yankakken ganyen albasa da citta. In Genzo ya gifta ta taga sai ta rufe ido kamar mai gyangyaɗi, baki cike. Daga baya muka ƙara da miyar miso a kofin shayi. Matan layi duk sun sani, ba wadda ta yi tari. Wata har natto take kawowa a jakar saƙarta, warin maganin murɗa gashi kuma yana rufe nasa.

In ta gama sai ta goge baki ta ce, "Gaya masa ya rage." Ni kuma in leƙa shagonsa.

"Yaya Genzo, ta yau ta yi ɗaci."

"Ke kuma yaushe kika yi harshe?"

"Marigayi ne ya aiko."

Zai zage ni tas, amma gobe sai ka ji ya rage. Cikin mako uku awarar ta dawo hayyacinta. Har ya fara ganin girmana, yana tambayata a kaikaice yana kallon wani wuri, "Yau fa?" Wata bakwai na yi ina cin girman da ba nawa ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa. Na ce masa to tunda awara ta gyaru a fasa rufewa. Ya ce guba mai daɗi ai ta fi muni. Kalandar shagonsa ma ya zagaye ranar ƙarshen Disamba da jan alƙalami.

A watan Oktoba asibitin ya nemi matan da aka yi wa aiki su ba da jini don wani bincike a kan abinci. Yayata ta sa hannu, aka ɗiba, aka ba ta takardar tambayoyi ta cike a gida. Genzo ya ƙwace ya cike da kansa. Awara sau nawa a mako? Babu. Miso? Babu. Natto? Babu. Ya danna alƙalami har takardar ta huje. Mu kuwa ko a jikinmu. A ranar ɗiban jinin ma sai da ta biyo ta shagona ta cinye yankanta kafin su kama jirgi. Wa ya gaya mana jini yana tsegumi?

Ranar karɓar sakamako, a tsakiyar Nuwamba, na raka su don ina son sayen almakashi a birni. Yayata ta shiga, Genzo ya maƙale a bencinsa. Can sai nas ta leƙo ta ce likita tana son ganin wanda ya cike takardar. Ya miƙe ya shiga. Ni ma na bi bayansa, ba tare da wani ya gayyace ni ba.

"Baba, sannu da zuwa," in ji Likita Horiuchi. "Bari in fara da albishir. Hoton Mama da sauran gwaje-gwajenta duk lafiya lau. Shekara guda babu alamar komai."

Genzo ya sauke numfashi ya gyara zama. "Dole. Wata goma ko ƙwayar wake ba ta shiga bakinta ba. Ni na tsaya a kai."

"To a nan ne na rikice." Ta juyo masa wata takarda. "Mun auna sinadarin waken suya a jinin mata sittin da biyu. Isofilabon, kun dai san shi a talabijin. Mama ce ta uku daga sama."

Na dubi rufin ɗaki. Yayata ta dubi jakarta.

Genzo ya riƙe takardar, kafaɗunsa suka sauka. "Kin gani ko, Maman Rie? Na shekara arba'in ne. Ya daskare a jininki, ya ƙi fita."

"A'a, Baba," in ji likita. "Ba ya zama a jiki. In mutum ya ci da safe, cikin 'yan awoyi ya hau, daga nan ya fara bin fitsari. Kwana ɗaya zuwa biyu babu sauran abin kirki. Wanda na gani a nan, na ranar ne ko na jiya da ita."

Genzo ya juyo a hankali. Ba matarsa ya duba ba, ni ya duba.

"Marigayi," ya ce.

"Yana gaishe ka," na ce.

"Tun yaushe?"

"Tun Afrilu," in ji yayata.

"Kullum?"

"Ban da Talata, ranar hutun Kazu, da Lahadi, ranar naka hutun."

Sai wani sabon tashin hankali ya zo masa. "Ta wa kika ci? Kada ki ce mini har da ta babban kanti, ta cikin roba."

"Haba, Baban Rie. Tun da na aure ka ban taɓa cin amanarka da awarar wani ba."

"To ɗaci da rashin ɗaci da ake aiko mini fa?"

"Kai yanzu ka yarda Kazu ce? Wadda ke zuba wa ƙwai sukari har ya koma alewa?"

Na ji zafin maganar, amma na ga ba lokacin kare kai ba ne. Likita ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Genzo ya juya wajenta. Ya ɗora hannuwansa biyu a gwiwa, ya sunkuya. "Likita, 'yata, ki gaya mini tsakani da Allah. Ni na ba ta ciwon nan?"

Ba ta yi dariya ba, kuma tun daga ranar nake ganin mutuncinta. Ta ce, "Baba, babu wanda zai iya nuna maka abu ɗaya ya ce shi ya kawo. Ni ma ban sani ba. Gaskiya ne sinadarin nan ya yi kama da na mata, amma ƙarfinsa bai kama ƙafar na jiki ba, kuma ba ko'ina yake aiki irin nasa ba. Binciken da aka yi a kan mata masu yawa bai nuna cin awara da miso yana kawo ciwon ko yana dawo da shi ba. Wasu ma sun nuna masu ci sun ɗan fi samun sauƙi, amma wannan ba zan rantse maka ba. Kada ka je ka ce na ce awara ce ta warkar da ita."

"Abin da zai yi ke nan," na ce.

Bai ko kalle ni ba. "Rubuta mini."

"Me zan rubuta, Baba?"

"Cewa ba ni ba ne."

"Ba zan rubuta abin da ban sani ba. Amma zan rubuta maka ta ci abincin gidanta, kai kuma ka bar ta ta ci." Ta rubuta, ta buga hatiminta. Ya karɓa da hannu biyu.

Jirgin ƙarfe uku muka shigo. Babu mutane sosai. Yana zaune kusa da yayata, ni ina fuskantarsu da almakashina a jaka. Tasha biyar yana ta bin lambar da ke takardar jinin da yatsa. An gama girbin shinkafa, gonaki fayau. Ina jiran ya fashe ya wanke ni, na ma shirya abin da zan mayar masa.

"Ta uku," ya ce a ƙarshe. "Su waye ta ɗaya da ta biyu? Awarar wa suke ci?"

Yayata ta yi dariya har sai da ta dafe inda aka yi mata ɗinki. Shi bai yi ba. Da ta lafa sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wata goma duk na dube ki abin da na yi miki nake gani."

"Na sani. Wata goma kana kallona kamar gawa. Wuƙar likita ba ta yi mini zafi kamar wannan kallon ba." Ta ɗora hannu a kan jajayen yatsunsa. "Ko da a ce kai ne, Baban Rie, da bakina na ci, kuma ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba."

Ya daɗe yana kallon takardar. "Shekara arba'in da ɗaya ina yi. Ina ganin an fita da ita a kwano, shi ke nan, ban taɓa tunanin inda take zuwa ba. Ashe har cikin jininki nake shiga."

"Kwana ɗaya kake yi a ciki, ka dai ji likita," in ji yayata. "In ka kife tukunya ranar ƙarshen Disamba, biyu ga Janairu babu kai a jikina."

Ya juya fuskarsa wajen taga. Ni kuma na duƙa ina neman abin da ban ajiye ba a jaka, don idona ya kawo ruwa kuma ba na son ya samu abin tsokanata.

Bai rufe ba. Bai kuma taɓa cewa ya fasa ba, Genzo ne fa. Disamba ta zo ta wuce, ya ci gaba da aikinsa kamar ba shi ya yi maganar ba. Abu ɗaya ne ya canza. A da yana hutun Lahadi, yana kuma rufewa kwana uku na sabuwar shekara kamar kowa. Tun daga ranar jirgin nan bai sake hutu ba.

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Yayata gashinta ya dawo, fari fat, ni nake gyara shi. Shi kuma gwiwa ta hana shi hawa keke, tukunya uku ta koma ɗaya. Amma ranar ɗaya ga Janairu, da duk layinmu ke rufe, ko kare ba ya motsi, in na leƙa da safe sai in ga tururi yana fita ta tagar shagonsa. 'Yar ƙaramar tukunya yake ɗorawa, ta mutum ɗaya.